Maganar da Ke Shafi na Huɗu

Litinin, bayan an tashi makaranta

Yau Lauya ta yi mini magana, in dai za a kira wannan magana. Tun ranar da ubanta ya kwashe kayansa daga gidan nan ba abin da ke shiga tsakaninmu sai gaisuwa da "na ƙoshi". Yarinyar da muka laƙaba wa Lauya saboda tun tana ƙarama ba ta barin zance ya faɗi ƙasa, yanzu tana shekara sha shida ta ɗinke bakinta.

Ina kan tebur ina duba littattafan 'yan ajina, sai ga takardu an ajiye mini a kan hannu.

"Labari ne na rubuta da Turanci," in ji ta. "Gasar makarantu zan shiga. Ki sa mini alamomin rubutu."

"'Yar malamar Turanci ba ta iya sa waƙafi ba?"

"Na iya. Ban dai sa ko ɗaya ba. Waƙafi da aya da alamar zance kawai, Mama. Kada ki taɓa kalma ko guda."

Ta juya ta shige ɗakinta. Ni za a ce wa kada in taɓa kalma! Ni da ɗalibai ke kira Jan Biro a bayan idona, suna tsammanin ban sani ba.

An yi da ubanta cewa in aka yi hutun ƙarshen zango, ita za ta zaɓi inda za ta zauna, nan wurina ko can garin da ya koma. Shi ya kawo shawarar, don duniya ta ce shi ne mai sauƙin kai. Na ce to. Ban tambaye ta inda ta karkata ba, ba kuma zan tambaya ba. Uwa ba ta roƙon 'yar da ta haifa.

Talata, da safe

Ban buɗe takardun ba. Suna nan ƙarƙashin kwalbar biro.

Laraba, da yamma

Na karanta. Mu ne.

Ta sa "uwar" da "uban" a maimakon sunayenmu, shi ke nan iyakar suturar da ta yi mana. Ga falonmu, ga labulen da ƙugiyarsa ɗaya ta karye, ga hular kwanonsa a kan firji. Ga ranar ita kanta, tun daga sallamarsa har zuwa ƙarar ƙofa. Da Hausa muka yi faɗan, ita ta zauna ta juye shi zuwa Turanci, kalma bayan kalma, kuma Turancin mai kyau. Wannan ya fi ba ni haushi. Na nemi kuskure ɗaya da zan kama in ja masa layi, ban samu ba.

Shafi shida, babu aya, babu sakin layi, babu babban baƙi. Maganata da tasa sun cakuɗe sun zama tulin abu ɗaya. Aikina in raba, in ce wannan bakina ne, wannan bakinsa ne.

Wace irin yarinya ce ke kai sirrin gidan ubanta gasa? Wa ya koya mata? Kada a ce ni.

Alhamis, lokacin tara, ɗakin malamai

Kamar da gangan, darasin wannan makon shi ne yadda ake rubuta zance. Na tsaya gaban allo ina nanata abin da nake nanatawa kowace shekara. Idan mutum ya buɗe baki, ka buɗe masa alama. Idan ya rufe, ka rufe. Waƙafi yana shiga ciki kafin alamar ta rufe, ba ya tsayawa waje kamar baƙon da ba a ce ya shigo ba. Idan wani daban ya karɓi zancen, a sauka sabon layi, ko da kalma ɗaya zai faɗa.

Wata mai surutu a layin baya ta ce, "Malama, in duk su biyun suna magana lokaci guda fa?"

Na ce ta fita waje. Ba ta yi komai ba. Na san ba ta yi komai ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na gama shafi biyu. Yadda nake aiki kullum, sai na karanta da baki in ji inda numfashi ke tsayawa, nan nake sa waƙafi. Wannan karon na rufe ƙofa da taga, na karanta cikin raɗa. A gidana, gidan da makaranta ta ba ni da gumina, ina raɗa kamar ɓarauniya.

Asabar, da hantsi

Na bar shafukan a kan tebur na shiga wanka. Da na fito na tarar da ita tsaye a kansu.

"Mama, me ya sa duk maganganun Baba kika sa musu alamar motsin rai?"

"Saboda faɗa ake yi."

"Baba bai ɗaga murya ba. Ko sau ɗaya." Ta sa yatsa a wani layi nawa. "Nan ne aka yi ihu. Kin sa aya."

Na ce mata in ta fi ni sani ta ɗauki kayanta. Ba ta ɗauka ba. Ta zuba ruwa a kofi ta koma ɗaki.

Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ke cin raina ke nan. Bai ɗaga murya ba. Ai bai taɓa ɗagawa ba. Mutumin da ya yi watanni yana ɗaukar hular kwano kowace safiya, yana cewa sai na dawo, yana fita zuwa wurin aikin da aka daɗe da rufewa, wannan mutumin me zai yi da ihu? Shi sai ya yi abinsa cikin sanyi, ya bar ki ke ki haukace, maƙwabta su ji muryarki su ce kai, matar Injiniya ba ta da haƙuri. A takarda ma haka. Duk layukansa gajeru ne masu ladabi, nawa kuwa sai ka ce famfo ya fashe.

Na goge alamominsa, na mayar da su nawa bakin. Takardar har ta huje a wuri ɗaya.

Lahadi

Ta ci abinci a ɗaki.

Litinin, da yamma

Na iso shafi na huɗu, na ajiye biro.

Akwai wata magana a tsakiyar shafin. Ba zan rubuta ta a nan ba. A kan Lauya ce, kuma an faɗe ta a ranar, a falo, lokacin da aka ɗauka tana makaranta wurin darasin yamma.

Ko'ina cikin labarin ta rubuta "in ji uwar", "in ji uban". A wannan kaɗai ba ta rubuta komai ba. Maganar tana zaune tsakanin layinsa da nawa. Turanci kuma ba ya bambanta "ka" da "ki", don haka kalmomin sun dace da bakin kowa. In na bar ta a jikin layinsa na rufe alama a bayanta, shi ya faɗa. In na sauka sabon layi na buɗe alama, uwar ce. Ba sai na taɓa kalma ba.

Mantuwa ta yi? Lauya ba ta mantuwa.

Talata, lokacin tara

Malamin Lissafi ya ce fuskata kamar an ba ni ajin 'yan maimaici. Ya yi dariya shi kaɗai. Kowa a ɗakin malamai ya sani, kowa yana yi mini sannu da ido. Gara su fito su tambaya in wanke su tas.

Laraba, bayan magariba

Yaya ta zo. Ba ta zauna ba sai da ta leƙa tukwane, ta shafa kan firji ta duba yatsanta. Hular tana nan, ta kalle ta, ta kalle ni.

"Ba ki jefar ba?"

"Ba tawa ba ce da zan jefar."

Na gaya mata zancen labarin, ban da shafi na huɗu. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Wanzami ba ya son jarfa! Shekara nawa kina zubar wa 'ya'yan mutane jini a littafi, yau an kawo miki naki."

"Yaya, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ajiye biron nan ki kira 'yarki ki zaunar da ita. Ki ce mata, 'yar nan, ina son ki zauna da ni. Kalma nawa ce? Bakinki zai tsage?"

"Ta san ina son ta zauna."

"A ina ta sani? A allo kika rubuta mata?" Ta gyara mayafinta. "Ke tun kina yarinya haka kike. Gara ki kwana da yunwa da ki ce a ƙara miki."

Da za ta tafi ta shiga ɗakin Lauya, na ji suna dariya. Ashe dariyar tana nan, ni ce dai ba a yi wa.

Alhamis

Shafi na huɗu.

Juma'a, da safe kafin in fita

Na tsallake na gama na biyar da na shida. A ƙarshen labarin uban ya fita, uwar ta tsaya tana tattara kofuna, ba a ambaci yarinyar ba ko sau ɗaya. Ba ta sa kanta a ciki ba sam. Amma wani ne ya ga kofunan, wani ne ya ji komai.

Wa ya fara? A tambayi wannan. Wa ya yi ƙarya har ta zama masa sana'a? Wa ya bar ni ina gaya wa mutane mijina yana can wurin aiki, su kuwa sun gan shi zaune a tashar mota yana karanta jarida? Ni na ji a bakin mai gadin makaranta. Mai gadi! Mutum ya zuba miki garwashi a zani, sannan a zo ana auna irin ihun da kika yi.

Asabar, da rana

Na yi.

Na bar maganar a jikin layinsa, na rufe alama a bayanta. Ko daƙiƙa biyu bai ɗauka ba. Kuma ba ƙarya ba ce can can. Wa ya ɗauki jaka ya fita ya bar ta? In bakinsa bai faɗa ba, ƙafarsa ta faɗa. Ni ina nan, ni ke dafawa, ni ke wanke kayan makarantarta, ni ke jin tarinta ta bango. A bar mai zama ya ci ribar zamansa.

Ban taɓa kalma ba. Abin da ta ce ke nan, kada in taɓa kalma.

Lahadi, da yamma

Na miƙa mata. A tsaye ta karanta, a bakin ƙofar kicin, ni kuma ina yanka albasa ina kallonta ta gefen ido. Shafi na ɗaya, na biyu, na uku, tana gyaɗa kai. Ta zo na huɗu ta daɗe. Na ci gaba da yanka albasar da ta riga ta yanku.

"Haka ne, Mama?"

"Haka tsarin zancen ya nuna."

"Kin tabbata?"

"Yau kika san ni da aikina?"

Ta haɗa takardun ta daidaita bakinsu a kan cinyarta. "To. Na gode. Allah ya saka da alheri."

Shi ke nan an wuce wurin.

Talata, bayan an tashi

Wani abu ya canza. Ta fito falo ta zauna. Ta tambaye ni yadda 'yan ajina suke, ta wanke kwanuka ba a sa ta ba, har ta ce in kawo ta tsefe mini kai. Tana yi mini magana yadda ake yi wa maƙwabciya mai kirki. Lokacin da take shiru na san fushi take yi da uwarta. Wannan ban san sunansa ba, kuma na tsane shi.

Alhamis, da safe

"Mama, babban akwatin nan na saman kabad, kina amfani da shi?"

Na ce a'a. Na hau kujera da kaina na sauko mata da shi, na kakkaɓe, na ba ta. Har na nuna mata yadda ake danna makullin don yana cijewa.

Alhamis, da yamma

Ƙila littattafai za ta zuba.

Asabar, bayan azahar

Ubanta ya kira. Rabon da in ji muryarsa tun ranar. Na so in bar wayar ta yi ta kuka, hannuna ya ɗauka.

"Lauya ta turo mini labarinta," ya ce. "Ta ce ke kika gyara. Ta riga ta aika wa masu gasar."

Na jingina da bango.

"Na ga shafi na huɗu."

"To?"

"Ta tambaye ni ko haka ne. Na ce mata ranar kaina ba daidai yake ba, ƙila na faɗa na manta."

"Wa ya roƙe ka?"

"Ba wanda ya roƙe ni. Ke uwarta ce. Ni na riga na lalace a idonta, ƙarin ɗaya ba zai kashe ni ba."

Na kashe wayar. Na jefa ta kan kujera, ta faɗo ƙasa, murfinta ya fita.

Ji shi! Ji mai alheri! Ko a nan sai ya fi ni. Ya yi ƙaryar watanni ya rusa gida, yau ya yi ƙaryar daƙiƙa ɗaya ya zama waliyyi. Ni ban nemi ya ɗaukar mini kaya ba. Da ya zage ni, da ya ce ke maƙaryaciya ce, da na san inda zan tsaya in rama. Ya bar ni da hannu biyu babu abin da zan jefa.

Na ɗauki hular daga kan firji na kai ta bayan gida na ajiye kusa da bokitin shara. Da yamma na je na dawo da ita, kada ruwa ya taɓa.

Lahadi

Yaya ta kira sau da yawa. Ban ɗauka ba. Na san abin da za ta ce, kuma ba ta ma san rabinsa ba.

Talata, lokacin tara

Na duba jarrabawar 'yan ajina. Kusan duk sun iya sauka sabon layi in mai magana ya canza. Na ba su makinsu. Ɗaya ta rubuta mini a ƙasan takardarta, "Malama Allah ya ba ki lafiya." Ta manta waƙafi bayan Malama. Na ɗaga biro, na fasa.

Gobe ake ba da hutu.

Laraba, da la'asar

Na shiga ɗakinta ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Akwatin yana buɗe a kan gado, ba littattafai ba ne a ciki. Tana ninke rigunanta yadda na koya mata, hannu a ciki.

Na ce, "Akwai kuskure a shafi na huɗu."

Ba ta ɗago ba. "Na alama?"

"Layin nan. Ba a wurinsa yake ba."

"Na riga na aika, Mama. Yadda kika gyara. Ke ce malama."

"Ba ubanki ya faɗa ba."

"Na sani." Ta ajiye rigar. "An fasa darasin yamma ranar. Ina bayan ƙofar kicin da jakata a kafaɗa. Kina tsammanin ban san muryarki ba?"

Fushi ya taso mini, don shi kaɗai ya rage mini. Na ce to don me? Don me za ta kawo mini abin da ta riga ta sani, ta ɗana mini tarko a gidana, ta zauna tana kallona ina zagaye shi? Ana yi wa uwa haka? Na ce mata wanda ke cikin fushi ba shi da linzami, ba ta san abin da na ji ranar ba, ba ta san abin da ubanta ya yi mini ba.

Ta bar ni na gama. Sannan Lauyar da na sani ta dawo, wadda na yi makonni ina jira, ta dawo a ranar da ba na so.

"Na san abin da ya yi. Na san kina cikin fushi. Maganar ta yi mini ciwo, amma tun a makon na ce, Mama ce, bakinta ya fi zuciyarta zafi. Ba ita ta dame ni ba." Ta zauna a bakin gado. "So nake in ga in kin huce, kina zaune ke kaɗai da bironki, ba mai tsokanarki, ba mai sa ki sauri, wa za ki ba. Da kin sauka layi ɗaya, Mama, wallahi da ban taɓa akwatin nan ba. Kin yi kusan mako kina tunani, sannan kika ba shi."

"Yanzu na faɗa ai."

"Bayan Baba ya kira ki."

Ban san ta sani ba. Ta ce shi ma ƙarya ya yi mata, ta gani, amma shi tasa ƙaryar a kansa ya ɗora.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin. Maganar da Yaya ta ce in faɗa ta zo har maƙogwarona. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kin sa rigar sanyi? Garin can akwai sanyi."

Ta ce ta sa.

Alhamis

Na dafa abin da ta fi so. Ta ci, ta ce ya yi daɗi, ta gode.

Juma'a, da hantsi

Ubanta bai shigo ba, a bakin ƙofar makaranta ya tsaya da motar haya. Ya rame. Na aika masa hularsa ta hannunta, ya karɓa ya rasa inda zai sa ta, ya riƙe a ƙirji. Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ya kamata, ta ce za ta riƙa kira. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Mai gadi ya taya su ɗaga akwatin, yana satar kallona. Ban yi kuka ba, ba zan ba shi labarin kai wa gari ba.

Juma'a, da yamma

Ta bar kwafin da na yi wa aiki a kan teburina, ƙarƙashin littattafan 'yan aji. Ba ta rubuta komai a kai ba, na duba gaba da baya.

Na buɗe shafi na huɗu. Na soke alamar da na rufe a inda ba wurinta ba, na ja layin na sauko da shi ƙasa, na buɗe masa tasa alamar. Na ƙara kalmomin da ta bar mini wurinsu, duk da ta ce kada in taɓa. Na buɗe taga na karanta da ƙarfi, da Hausar da aka faɗe shi, ba kowa a gidan da zai ji.

"Ka ɗauke ta ku tafi, ni ma in huta," in ji uwar.

Ya ɗauke ta. Ga hutun nan, ina zaune a cikinsa.